Shin tambayoyin intanet za su iya zaɓa wa mutum abokin zama?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Shafukan haɗa aure na intanet suna cewa idan suka auna halin mutum da tambayoyi, za su nemo masa wanda zai zauna da shi lafiya. Kamfanin eHarmony, wanda Neil Clark Warren ya kafa a Amurka a 2000, a baya ya daɗe yana tallata ma'aunai 29 na dacewa. Ni dai na gamsu, domin binciken masanin halayyar ɗan Adam John Cacioppo na 2013 a kan mutane sama da 19,000 ya nuna cewa waɗanda suka haɗu ta intanet sun ɗan fi jin daɗin aurensu.

Malami: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Binciken nan eHarmony ne ya ɗauki nauyinsa, kuma abin da ya kwatanta shi ne haɗuwa ta intanet da haɗuwa ido da ido, bai gwada ko tambayoyin ne suka gyara zaman ba. A 2012 masanin halayyar ɗan Adam Eli Finkel da abokan aikinsa sun bi diddigin iƙirarin cewa tambayoyin suna nemo wanda ya dace, ba su sami gamsasshiyar hujja ba, sannan a 2018 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana kamfanin tallar da ke cewa kimiyya ta tabbatar da tsarinsa.

Hajiya: Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina dalilin aure, kuma ban taɓa jin wanda ya ce shi mafaɗaci ne ba. Kowa mai haƙuri ne a bakinsa. Na taɓa haɗa wasu da halinsu ya zo ɗaya, dukansu masu shiru-shiru, amma da miji ya rasa aiki, sai kowa ya haɗiye damuwarsa, har ta kai ana ajiye masa abinci a rufe ba mai cewa uffan, auren kuwa bai kai shekara biyu ba.

Ɗaliba: To Hajiya, ai tambayoyin suna rage wa mutum wahalar nema.

Malami: Suna ragewa, musamman wajen tace addini, shekaru da son haihuwa, wannan ban musa ba. Amma a 2014 shafin haɗa masoya na OkCupid ya bayyana cewa ya gaya wa waɗanda dacewarsu kashi 30 ce cewa kashi 90 ce, sai hirarsu ta ƙaru. Kin ga lambar da aka nuna musu ita ta ja su, tun kafin su san halin juna.