Huhu ya lotsa bayan an sa roba a babbar jijiya: a jira ko a sa bututu?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum, malamaina. Idan aka sa roba, wato siririyar robar ƙarin ruwa da magani, a babbar jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya, sai hoton ƙirji ya nuna allurar ta taɓa huhu, iska ta taru a bayansa, dole ne sai an sa bututun ƙirji? Ita robar fa, cire ta za a yi?

Likitan Kulawa ta Musamman:
Wa'alaikumus salam. Majinyacin za ki fara duba, hoto ya biyo baya. In yana numfashi da kansa, ba haki, oksijin ɗinsa bai sauka ba, kuma tazarar huhu da bangon ƙirji ba ta kai santimita 2 ba, sai a ba shi oksijin, a sa masa ido, a sake hoto bayan kamar awa 6. Jiki yana shanye iskar da kansa, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a rana, oksijin kuma yana ƙara masa sauri. Mai tsohon ciwon toshewar huhu dai, a tsayar da awon oksijin ɗinsa tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari.

Wanda ke kan na'urar numfashi kuwa, kada girman ya ruɗe ki. Na'urar tana tura iska ta wannan ƙaramin ramin a kowane numfashi, sai ta taru ta danne zuciya. Yawanci bututu ake sa masa. Robar in ta zauna daidai, a bar ta; cire ta ba zai toshe ramin ba.

Nas ta Ɗakin Tiyata:
Ƙanwata, ki riƙe wannan: awon jini ya faɗi, zuciya na gudu, gefe ɗaya shiru ba motsin iska, jijiyoyin wuya sun tashi, to iskar ta danne zuciya, ba a jiran mai hoto. Karkacewar maƙogwaro a makare take zuwa. Kanula, wato allura mai rigar roba, mai lamba 14 ake soka don iskar ta fita, tsakanin haƙarƙari na 2 da na 3 daidai tsakiyar ƙashin wuya, ko tsakanin na 4 da na 5 ta gefen hammata. A bi ta saman haƙarƙarin ƙasa, domin jijiyoyi a ƙarƙashin kowane haƙarƙari suke kwance. Mai kaurin ƙirji, allurar santimita 5 ba lallai ta isa ba. Kanula takan lanƙwashe ta toshe, don haka bututu ya biyo baya nan take.

Likitan Ƙirji:
Bututun ƙirji sirara, lamba 8 zuwa 14, sun wadatar tunda iska ce ba jini ba. Kwalbar ruwan da ake jona bututun da ita ta zauna ƙasa da ƙirji. Ruwan ya riƙa hawa da sauka da numfashi; in ya tsaya cik, ko bututun ya toshe ko huhun ya gama buɗewa, hoto ne zai raba gardama. Kada a kuskura a matse bututun in kwalbar na kumfa, wato iska na ci gaba da fita. In kumfa ta ɗauke na awa 24, huhu ya cika wurinsa, a zare. In ta wuce kwana 3 zuwa 5, a kira likitan tiyatar ƙirji.

Hoton wanda ke kwance rigingine yakan ɓoye iskar, sikanin ya fi kama ta. Wata iskar ma sai washegari take bayyana. In an gwada sa robar a gefe ɗaya an kasa, kada a koma ɗaya gefen sai an tabbatar huhun farko lafiya yake.