Kuloci ya nutse a hanya, yaya zan kai motar gari?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina kan hanyar Zariya zuwa Kano da Hiace, kuloci ya nutse bai dawo ba, giya kuma ta ƙi shiga in inji na aiki. Magariba ta gabato, babu bakanike kusa. Akwai yadda zan lallaɓa da ita?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Fara duba kofin man kuloci, don kulocin Hiace da mai yake aiki, ba da waya ba. In ya ƙafe, zuba man birki DOT 3, ka yi ta taka kulocin kana ɗago shi kamar sau 30. In ka ga mai na ɗiga ta fanfon ƙasa da ke jikin giyabos, robarsa ce ta mutu. Gwada birkinka ma kafin ka motsa, wasu motocin kofinsu ɗaya ne.

Direba: In bai dawo ba, ɗan'uwa, tayar da ita a firi inji ya yi zafi, sai ka kashe. Sa giya ta 1 tana kashe, sauke birkin hannu, tabbatar gabanka babu kowa, ka murza makulli. Za ta yi tsalle sau biyu ko uku; tana kamawa ka saki makullin, ka ba ta totur kaɗan. Da ta ɗauki gudu, sassauta totur ka zare giya zuwa firi a lokaci guda. Jingina sandar giyar a bakin giya ta 2 da yatsu kawai. Juyin inji na saukowa daidai da gudun taya za ta faɗa da kanta. In ka ji ƙara, koma firi, kada ka danna da ƙarfi, zoben tagullar cikin giyabos kake ci. Saukowa zuwa ƙaramar giya ta fi wuya: a firi sai ka ɗan buga totur tukuna. Ni shawarata, ka kai giya ta 3 ka zauna a nan.

Bakanike: Tsayawa kuwa: firi, birki, kashe inji, a sake daga farko. Kik da batir ne ke jan motar duka, kada murzawa ta wuce daƙiƙa 10, kuma kada ka tsaya a hawa. Fasinjoji su sauka kafin tashi. Kunna fitilun haɗari, ka riƙe gefen hanya, kada ka shiga cunkoson cikin Kano da ita. Garejin farko da ka gani ka tsaya.

Mai tambaya: Na gode Malam. Kofin a bushe yake, ina da man birki, bari na fara da shi.