Wace takardar shaida ake nema a aikin auna iskar cikin gini?

Mai_AC_Agege: Salamu alaikum. Mai gyaran AC da ke son shiga wannan aiki a Legas, ina zai fara?

Injiniya_B: Wa'alaikumus salam. Akwai CIE, takardar shaidar ƙwarewa kan lafiyar iska da muhallin cikin gini, ta ACAC, wata ƙungiyar Amurka mai ba da irin waɗannan takardu, sai da jarrabawa da shekara 2 a aikin. Masu wanke bututun iska kuma ASCS suke yi, takardar shaida ta NADCA, ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka.

Hajiya_Obalende: Malam, takarda kaɗai ba ta isa, ka karanta ASHRAE 62.1, ƙa'idar injiniyoyin Amurka kan shigar iska da ingancinta cikin gini. Ka auna CO2 (iskar da muke fitarwa da numfashi) lokacin da mutane ke ciki, ba ofis wayam ba. In ya haura 1000 ppm (wato kashi 1000 cikin miliyan), iskar waje ba ta shiga sosai. In danshin iska ya wuce kashi 60 cikin ɗari, fumfuna na iya fitowa, musamman da damina.

Injiniya_B: Ka duba inda janareta yake, hayaƙinsa kan bi taga. Na'urar awon da ba a saita ba kuwa, ƙarya za ta ba ka.