Me ake zubawa a leda don renon ayaba?

Sabon shiga: Salam jama'a. Na karɓo 'ya'yan ayaba irin na tishu kalca (waɗanda ake tsirarwa a ɗakin gwaje-gwaje), ƙanana ne sosai. Wace ƙasa zan zuba musu a leda? Sannan takin nano na kwalba da ake ta talla yana yi kuwa?

Na Fadama: Wa'alaikumussalam. Ƙasar sama kashi 2, yashin rafi 1, ruɓaɓɓen kashin shanu 1. Ka huhhuda ledar ta ƙasa.

Baban Lambu: Ɗan'uwa don Allah kar ka yarda da ɗanyen garin katako ko a kyauta. Bara wani mai sayar da dashe ya kawo min haɗi ya rantse ya gama ruɓewa, ashe daga wajen masu yankan katako ya kwaso ya cakuɗa da sabon kashin kaji, ba a jima ba ganye ya koma ruwan ɗorawa, na tuge ɗaya na ga saiwar ta yi baƙi ƙirin. Shi garin katako in bai ruɓe ba shi ke shanye naitirojin ɗin da shukar za ta ci, kashin kajin kuma ya ƙone saiwa. Wallahi har yau abin na min ciwo, na kira shi ya daina ɗauka.

Hajiya: Allah ya mayar da alheri Baba. Ni buntun shinkafa nake babbakawa in haɗa da ƙasa, ruwa ba ya kwanciya.

Na Fadama: Amin. Amma fa a wajen fito da 'ya'ya daga gindi, irin yadda cibiyar binciken noma ta IITA Ibadan ke koyarwa, garin katakon ake sawa.

Baban Lambu: Wancan tsiro ake nema kawai, gindin ke ciyar da su. Reno daban ne malam.

Ɗan Kasuwa: Kokofit, wato garin ɓawon kwakwa, ya fi duka, sai dai a wanke shi sosai saboda gishiri.

Hajiya: Kokofit da wannan tsadar? To Alhaji sai ka raba mana 😄

Malamin Gona: Batun nano, na kamfanin taki na IFFCO na Indiya da ya fito 2021, kwalbar mil 500 ce mai naitirojin kashi 4 cikin 100, wato giram 20 ke nan. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa yana da naitirojin kilo 23. Feshin ganye ne, mil 2 zuwa 4 a litar ruwa, da sassafe ko yamma. Yana iya taimakawa amma ni ba zan dogara da shi kaɗai ba, ga shi ayaba fotash ta fi ci, babu shi a ciki.

Ɗan Kasuwa: Wai nawa buhun yuriya yanzu a wajenku?

Admin: A bar maganar farashi sai ranar Juma'a don Allah.

Na Fadama: Ka yi musu rumfa dai, iskar hunturu ba ta barin ƙananan nan, sati 6 zuwa 8 kafin ka kai gona.

Sabon shiga: Na gode Allah ya saka. Hajiya buntun har ya zama toka ko ya yi baƙi kawai?