Dogon kwanon alminiyam ya fi kowane rufi? Muhawarar masu aikin gini

Mai sayar da kwano: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina duk wanda zai rufe gidan zama, dogon kwanon alminiyam ya fi masa kowane irin rufi. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ana yanko shi daidai tsawon rufin, daga tozo har baki, babu haɗi a tsakiya balle ruwa ya samu hanya. Murabba'in mita ɗaya na mai kaurin milimita 0.55 bai wuce kilo 2 ba, alhali na ƙarfe mai irin wannan kauri ya haura kilo 4. Wanda ya sa shi ya huta da yoyo da tsatsa, har zafi ma yana raguwa.

Kafintan rufi: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar rashin haɗi gaskiya ce, amma dogon kwano ai har na ƙarfe ana yankowa, ba alminiyam kaɗai ba. Kuma yawancin yoyo ba daga tsakiyar kwano yake fitowa ba. Daga ramin ƙusa ne, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, da inda kwano ya jingina da bango. Alminiyam yana da laushi. Idan aka buga masa ƙusa da ƙarfi, wurin sai ya loɓa ya zama ɗan kwari, ruwa ya kwanta a kan ƙusar. Idan mutum ya hau gyara ya taka tsakanin katako biyu, nan ma ya loɓa, kuma ba ya komawa yadda yake.

Injiniya: Abin da Malam ya faɗa yana da tushe. Taurin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, saboda haka a kauri ɗaya ya fi saurin lanƙwasa. Sai kuma miƙewa, wadda ita ce babbar matsalar dogon kwano. Alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ɗau zafi. Ku ɗauki kwano mai tsawon mita 10, a ce tsakanin sanyin asuba da zafin rana ya sauya da digiri 50. Na alminiyam zai ƙaru da kimanin milimita 11 zuwa 12, na ƙarfe kuwa kimanin 6. Kullum yana tafiya yana dawowa, ƙusa kuwa tana tsaye a katako. A hankali ramin ƙusar ya tashi daga zagaye ya koma dogo, ya wuce faɗin robar da ke rufe shi. Shi ya sa rufi zai yi shekaru lafiya, rana ɗaya a ga silin ya fara tabo.

Mai sayar da kwano: Injiniya, wannan ai laifin aiki ne, ba laifin kwano ba. A yi amfani da ƙusa mai zare da roba mai kyau, a ɗan buɗa ramin ya fi ƙusar faɗi, shi ke nan. Amma tsatsa fa? Kwanon ƙarfe komai daɗewa sai ya yi ja.

Injiniya: Alminiyam ba ya jar tsatsa, na yarda. Amma yana da nasa ciwon. Idan ya haɗu da tagulla ko baƙin ƙarfe a wurin da danshi ke zama, yana cinyewa, sai ka ga farin gari a gefen ƙusa, daga baya rami. Ɗanyen siminti ma yana cin sa, don haka wanda ya cusa bakin kwanon cikin fulasta ba tare da ya shafa masa kwalta ba ya jawo matsala. Haka katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin tagulla, sai an sa wani abu a tsakaninsu. Kuma kada mu haɗa kwanon ƙarfe duka a kwando ɗaya. Akwai mai rufin zinki zalla, wato an lulluɓe ƙarfen da zinki, akwai aluzinki, wanda rufinsa kashi 55 cikin ɗari alminiyam ne, kusan 43 zinki, sauran silikon. Ku duba lambar da ke jikinsa. Z275 na nufin giram 275 na zinki a murabba'in mita, fuska biyu a haɗe. AZ150 kuma giram 150 na aluzinki. Kwanon da ke yin ja da wuri shi ne wanda aka rage wa wannan rufi. Inda alminiyam ya yi fice sosai shi ne kusa da teku, inda iska ke ɗauke da gishiri.

Magini: Ku yi haƙuri, ni duk wannan bai dame ni kamar iska ba. Rashin nauyin da Alhaji yake yabo shi ne ke sa guguwa ta yaye rufi. Iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a kusurwa da baki da tozo. Idan ba a ɗaure katakon kan bango da rodi ko langa-langa da aka binne cikin linta ba, rufin zai tashi gaba ɗaya da katakonsa, ko da wane kwano aka sa. Ni na fi son dekin siminti, ba ruwansa da iska.

Mai zanen gini: Malam Magini, dekin ma ba a kyauta yake ba. Mai kaurin milimita 150 yana kai kilo 360 a murabba'in mita, dole tun daga tushe a yi lissafinsa. Yana shan zafin rana ya riƙe, da dare ya sako shi cikin ɗaki. Idan ba a ba shi gangara zuwa indararo ba, ba a kuma shimfiɗa masa abin hana ruwa ba, ruwa zai bi tsaga ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin daga ƙasa.

Amma bari in koma kan zafi, don nan ne ban yarda da Alhaji ba ko kaɗan. Kwano mai kaurin rabin milimita, ko na mene ne, ba ya tare zafi. Abin da ke aiki shi ne launi, da silin, da iskar da ke ratsa tsakaninsu. Farin kwano yana mayar da fiye da rabin hasken rana, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu kuwa yana shanye mafi yawansa. Alminiyam da aka yi wa baƙin fenti ya fi farin kwanon ƙarfe zafi. A bar ƙofofin iska a bakin rufi da can sama kusa da tozo, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu. Idan za a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, a bar wa fuskarta mai ƙyallin sarari na aƙalla milimita 25, domin idan ta manne da wani abu amfaninta ya tafi.

Mai sayar da kwano: Hajiya, na karɓi maganar launi. Amma to me za a sa? Kwano mai tsakuwa?

Kafintan rufi: Shi ma ƙarfe ne mai rufin aluzinki aka manna wa tsakuwa. Yana rage ƙarar ruwan sama, kuma guntu-guntu ne, miƙewa ba ta damunsa. Sai dai yana cin katako, don ana jera masa katakon tu-bai-tu, mai inci biyu kowane gefe, kusan kowane milimita 370, kuma idan aka kuskure awon layi ɗaya sauran ba za su zauna ba. Yana son gangara sosai, ƙasa da digiri 15 ni ba zan ba da shawararsa ba. Marar kyau kuma tsakuwarsa na zuba ta cika indararo.

Gangara ita ce abin da ya kamata a fara tambaya kafin a je ga kwano. Yanzu ana son rufin ɓoye, a ɗaga bango a kwantar da kwano a bayansa. A irin wannan, gajeren kwano mai haɗi bai dace ba, don iska na tura ruwa ya hau ta ƙarƙashin haɗin. Nan kam dogon kwano ne, na yarda da Alhaji. Idan dole sai an yi haɗi, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla milimita 150, a kwantaccen rufi a kai 200 zuwa 300. A gefe kuma kwano mai ƙananan tudu ya hau ɗan'uwansa tudu ɗaya da rabi, bakin haɗin ya ba iskar damina baya. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, a ɗaure har robar ta zauna, kada a matse ta ta fashe.

Injiniya: Ƙarin abu biyu ga mai saye. Kaurin da ake faɗa wani lokaci har da fenti a ciki, don haka a tambayi kaurin ƙarfen kansa, a kuma auna da ma'aunin kauri kafin a sauke kaya. Sannan kada a yanka kwanon ƙarfe da injin gurza. Zafinsa na ƙona rufin zinki a bakin yankan, garin ƙarfen da ya watsu kuma ya yi tsatsa a kan fenti. Almakashin kwano ne daidai, a share rufin kullum bayan an tashi aiki.

Mai sayar da kwano: To na sassauta kan zafi da yoyo. Amma a wurin da ke da gishiri ko yawan danshi, har yanzu ina kan bakana. Alminiyam mai kaurin milimita 0.55 zuwa 0.7, da ƙusar da ta dace da shi.

Magini: A nan babu jayayya, Alhaji, muddin an matso da katako. Injiniya, tazarar nawa za a bari?

Injiniya: Ya danganta da kauri da siffar tudun kwanon, kuma kowane kamfani na da jadawalinsa, shi za a bi. Ga siririn alminiyam a gidan zama, milimita 600 zuwa 900 ne aka saba. A baki da tozo da kusurwa a ƙara matso da katakon, a buga ƙusa a kowane tudu, a tsakiyar rufi ne kawai ake iya tsallake ɗaya.