Komawar fitsari ƙoda: shin yaro yana rabuwa da shi idan ya girma?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. 'Yata tana da wata 14, kuma a makon jiya likita ya tabbatar mana cewa fitsarinta yana komawa baya daga mafitsara zuwa ƙodar hagu, a mataki na 3 cikin matakai 5 da ake auna ciwon da su. Kafin mu kai ga wannan, sau 4 tana zazzaɓi mai zafi ana ba ta maganin maleriya, sai da wata likita ta ce a gwada fitsari tukuna aka gano bakin zaren. An ɗora ta a kan Septrin na ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kullum da dare, aka ce mu jira, mai yiwuwa ciwon ya tafi da kansa. Kakarta ta ce ita ba ta taɓa jin ciwon da ake jira ya tafi alhali ana ɗura wa yaro magani kullum ba. Ina roƙon waɗanda abin ya taɓa shafa su faɗa mini yadda ta kaya da nasu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Tawa mataki na 2 aka samu tana da shekara 1, kuma da aka sake hoto tana da shekara 4 ba a ga komai ba. Yadda likitanmu ya zana mini a bayan katin asibiti shi ne, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsa bangon mafitsara a karkace, ta yadda idan mafitsara ta cika sai ta danne shi ya rufe. A wasu yaran wannan ratsin gajere ne, don haka ba ya rufewa, amma yayin da yaro ke girma yana ƙara tsawo. Shi ya sa yawancin masu mataki na 1 da na 2 suke warkewa, na 3 yana tsaka-tsaki, na 5 kuwa da wuya ya tafi ba tare da aiki ba. Abin da har yau ban manta ba shi ne hoton kansa: an sa mata siririyar roba ta mafitsara, aka ɗura ruwan da ke fitowa a hoto, ina riƙe da hannayenta sanye da wata riga mai nauyi, ana jira ta yi fitsari a kan tebur tana tsala ihu. Ki tafi da zane na canji, kuma kada ki je ke kaɗai.

Baban Khalifa: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai namu bai bi wannan hanyar ba. Tun yana jariri ɗana ba ya tsartuwar fitsari irin ta yara maza, sai ya yi ta nishi yana ɗiga, mu kuma muka ɗauka haka halittarsa take. Ashe wata 'yar fata ce ta tare hanyar fitsarin a ƙasan mafitsara, matsalar da maza kaɗai ke samu, ita ce take tura fitsarin sama ta ɓangarorin biyu. Irin wannan jira ba ya maganinsa, sai da aka shiga da na'ura aka yanke fatar. Ƙodar dama ta riga ta yi tabo, kuma an gaya mana tabo ba ya gogewa ko da komawar fitsarin ta tsaya, saboda haka duk zuwan da za mu yi asibiti sai an auna masa hawan jini, yaro ɗan shekara 7. Na fi jin ciwon watannin da na ɓata ina sayen magani a kemis fiye da kuɗin aikin.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma a kan 'yata sai da na yi kuskuren da nake hana wasu. Mataki na 4 ne da ita, da ta yi wata 8 lafiya ƙalau sai na dakatar da maganin dare da kaina, ba a yi sati 6 ba muka kwana a asibiti ana yi mata allurai ta jijiya. Game da tambayar kaka, maganin ba ya gyara bututun, aikinsa tsare ƙoda daga ƙwayoyin cuta kafin girma ya yi nasa aikin. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan yara 607, wanda aka fitar a 2014, ya nuna cewa maganin kullum ya rage dawowar ciwon ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari da kusan rabi, ko da yake bai nuna bambanci a yawan tabon ƙoda ba, kuma ƙwayoyin da suka ɓulla duk da maganin sun fi taurin kai. Don haka likitoci kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan kowane yaro, amma shawarar dainawa tasu ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taurin bayan gida. 'Yata takan yi kwana 3 ba ta zaga ba, a makaranta kuma tana riƙe fitsari saboda ƙyamar banɗakin, kuma sai da muka gyara wannan da gwanda, da miyar ganye, da yawan shan ruwa, sannan zazzaɓin ya yi sauƙi. Duk da haka nata bai tafi ba, tana da shekara 6 aka yi tiyata aka sake dasa bututun, yanzu shekara 2 ke nan ba mu ga zazzaɓin fitsari ba.

Maman 'Yan Biyu: Abin yana bin jini, don bayan an samu a Hassana sai likita ya ce a duba Usaina, aka same shi a mataki na 1 ba tare da ta taɓa ciwo ba. Ba a ba ta magani ba, an dai ce duk ranar da jikinta ya yi zafi a gwada fitsari tare da jini kafin a ba ta komai.

Maman Ummi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa kakarta bayanin Anti Nas, ta yi shiru, daga baya ta ce a bar mata sirinjin awon maganin a ɗakinta, tunda ita ba ta barci da wuri. An ba mu ranar hoton da zai nuna ko ƙodar ta yi tabo, kuma zan tambayi likita batun yayanta mai shekara 3, wanda ban taɓa tunanin a duba shi ba sai yau.