Neman kalma: me za mu kira “volunteer” tunda sa-kai ya ɗauki bindiga?

Jama'a, ku taya ni. Jiya a majalisarmu ta gindin darbejiya, nan wani ƙauye kusa da Gumel, ƙanena ya ce zai zama ɗan sa-kai a aikin dashen itatuwa. Baffa ya ajiye kofin shayi ya ce, “Kai yaro, wa ya ba ka bindiga?” Muka yi dariya, amma Baffa bai yi kuskure ba. Tun da rikicin Zamfara ya yi ƙamari, wanda duk ya ji “'yan sa-kai” masu farautar ɓarayin daji yake hangowa. Kalmar ta tafi ta bar mu.

Mutumin da nake nema wa suna shi ne wanda ya dubi matsalar da ta fi ƙarfin kowa, kamar kwararowar hamada, ya yanki ɗan abin da zai iya, ba albashi, ya kuma zauna a kai.

An kawo “ɗan agaji”. Wannan na masu kaki ne da ke tsare layi ranar Idi. Wani malamin firamare ya ce “mai gudummawa”, sai dai gudummawa sau ɗaya ake miƙa ta a juya, sau da yawa ma ana jiran ranar ramuwa. “Gayya” ta fi kusa, amma ita yini guda ce, a sha fura a watse.

Cikin gayyar dai na tsinci tawa. Idan an shiga gona ba wanda ke cewa shi zai nome ta duka. Kowa kuyya ɗaya yake kamawa, ya bi ta har ƙarshe, kuma kowa na ganin inda ya tsaya. Don haka na ce aikin a kira shi kama-kuyya, mutumin kuma mai kuyya. Na san mu nan “kunya” muke cewa, amma rubuta “mai kunya” ka ga inda za a kai ka. Na ari ta Hausawan yamma.

Ku duba misali. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kusan kilomita 8,000, Jigawa da Kano na ciki. Wannan gona ce da ba mai ganin ƙarshenta. Amma can Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ake sarewa duk shekara saiwarsu na da rai. Manomi ya bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya hana akuya. Ba rijiya, ba sayen dashe. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani, kuma an ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a Nijar ta wannan hanya. Gawo ma ganyensa yake zubarwa da damina, ba ya tare wa gero rana. Kowane manomi a nan kuyyarsa ya kama.

Wata yayarmu da ta yi shekaru tana bin gidaje da ɗigon shan-inna ta turo cewa ita kalmar ta yi mata, sai dai a faɗa mata jam'in. Masu kuyya, Yaya. Baffa kuwa har yanzu bai yarda ba, ya ce shi bai taɓa jin an kama kuyya babu fartanya ba.